Sunan Yayanku a Gaban Kwamiti

Wannan babin ban so rubuta shi ba, 'yar'uwarku Binta ce ta matsa mani. Ta ce in ban faɗa da bakina ba, maganar da ake yi a gidajen biki ita za ta zauna, wai matar da ba ta riƙe yaro ba, sai da ciwo ya kayar da ita ta tuna tana da ɗa mai ƙoda biyu. Na ji maganar. Har wadda ta fara faɗinta a nan Kankara na sani, kuma mun gaisa da ita lafiya lau ranar Juma'ar da ta wuce. To ku zauna ku ji yadda aka yi, ku da 'ya'yanku, don ba kullum zan kasance a tsakar gidan nan ana tambayata ba.

A Ketare na haifi yayanku, a ɗakin mahaifiyata, ina da shekara goma sha tara. Ranar suna aka sa mashi sunan kakanku na wajen uba, wato surukina, sai kunya biyu ta haɗu mani a kan yaro guda: ga shi ɗan fari, ga sunan suruki. Ku 'yan yanzu da kuke ɗaukar ɗan fari kuna lailaya shi a gaban kowa ba za ku gane ba. Mu a lokacinmu ko nono za ki ba shi sai an watse daga ɗakin, in ya faɗi a gabanki sai ki kau da kai wata ta ɗaga shi, sunansa kuwa ba ya fita daga bakinki har ki koma ga Allah. Da aka yaye shi, wan babanku, Alhaji Garba na Sabuwa, ya zo gidanmu na Daudawa da babur ya ɗauke shi, saboda matarsa Inna Dije Allah bai ba ta haihuwa ba. Ba wanda ya tambaye ni, ni ma ban ga abin tambaya ba. Surfe nake lokacin da babur ya tashi, ban ɗago kai ba, na dai ci gaba da luguden geron nan har ya tashi daga surfe ya koma gari. A Sabuwa ya girma, a can aka sa shi makaranta da sunan Alhaji Garba a matsayin uba, haka kuma duk takardunsa suka tafi har ya zama malamin gona. In ya zo hutu Malama yake ce mani, kamar yaran da nake koyarwa. Ni kuma in zan ambace shi sai in ce na Sabuwa, ko in ce mutumin.

Shekara biyu da yin ritayata, bayan rasuwar babanku, hawan jinin da na raina ya cinye mani ƙoda. Kun san wahalar da muka sha ta zuwa wankin ƙoda Katsina sau biyu a mako, a lokacin da ba a fita hanya sai rana ta ɗaga, kuma dole a dawo kafin la'asar. Da likita ya ce sai dashe, duk kuka je aka gwada ku, ba wanda ya dace. Ban aika Sabuwa ba, Allah ne shaidata. Shi ya ji a bakin ƙaninsa Sani, ya hau mota ya je aka gwada shi, aka ce ya dace. Ya faɗa wa Binta, Binta ta faɗa mani, na ce ta koma ta gaya mashi ban yarda ba, yana da mata da yara biyar. Saƙon da ya dawo mani da shi shi ne ya riga ya yi fasfo. Yadda aka haɗa guzurin tafiya Indiya kun fi ni sani, tunda ku kuka yi ta faɗi-tashi.

Mu uku muka tafi, ni da shi da Binta. Muka kama ɗaki biyu a hawa na uku na wani bene kusa da asibitin, a unguwar da ke cike da baƙi masu jinya daga ƙasashe daban-daban. Gari ne da ba a daina danna hon, ga zafi mai danshi, ga shanu na yawo bisa kwalta ba makiyayi, abin da ya fi ɗaure wa yayanku kai ke nan, kullum sai ya tsaya a taga yana lissafin wadda ke da ciki. Mun je da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, amma likita ya hana ni gishiri da rabin abin da na sani a duniya, ruwa ma da ma'auni nake sha. Duk wannan da sauƙi muddin Binta na nan, don ita ce bakina. Sai hutunta na wurin aiki ya ƙare bayan mako shida, gwaje-gwaje ba su ƙare ba, dole ta koma. Ranar da ya raka ta filin jirgi ya dawo ya yi sallama, na amsa, sai na ga ba kowa a gidan nan sai ni da ɗan da ban taɓa zama da shi mu biyu a ɗaki ɗaya ba.

Da bango na riƙa magana, kada ku yi dariya. In abinci ya nuna sai in dubi bango in ce mutum ya sauke tukunya. In magani ya kusa ƙarewa in ce in mutum zai sauka ƙasa ya biya ta kemis. Shi kuma ya amsa da to, Malama, kansa a ƙasa. In za mu asibiti yana gaba da jakar takardu, ina baya da taku biyar. A ɗakin jira in na zauna a wannan layin kujeru, shi sai ya nemi na can. Awa huɗu nake yi a kan injin wanki, yana zaune a waje bakin ƙofa, bai taɓa shigowa ba, ni ma ban taɓa cewa ya shigo ba. A wurinmu wannan ladabi ne cikakke, ko a Daudawa aka gan mu sai a ce gidan nan an san ya kamata. Ban taɓa kawowa a raina cewa akwai masu kallonmu suna fassara abin da wata fassara ba.

A ƙasan benenmu akwai kemis na wata dattijuwa, gajera mai furfura, da muke ce wa Mama Kemis. Wurinta muke sayen maganin hawan jini da allurar ƙarin jini, wadda take naɗe mana a leda da ƙanƙara don kada ta lalace kafin a kai firij. Ba ta ba da ko ƙwaya ɗaya sai ta ga takardar likita, ta juya ta gaba da baya. Da yake ina da Turancina na malanta, mun saba, har takan ajiye mani kujera in huta kafin in fuskanci matakalar nan. Ita ta fara koya mani cewa a ƙasar ba a dashe sai wani kwamiti ya zauna ya gamsu cewa mai bayarwa ɗan'uwa ne, kuma don Allah zai bayar, ba saye aka yi ba, ba tilas aka yi mashi ba. Na ce wannan ai mai sauƙi ne, gwajin jini ya riga ya nuna ni na haife shi.

Ranar zaman kwamiti mutum biyar muka tarar a bayan dogon tebur, ga na'urar ɗaukar hoto a kunne. Ni aka fara shigar da ni. Wata mata mai tabarau, wadda aka ce aikinta binciken zaman iyali ne, ita ta fi yin tambaya. Ta ce in faɗi sunan wanda zai ba ni ƙoda. Na ce yana cikin takardar da ke gabanta. Ta ce ta gani, daga bakina take son ji. Na nuna mata layin da yatsa. Suka dubi juna. Ta tambayi dalilin da sunan uban da ke fasfonsa ya bambanta da sunan mijina, na yi bayanin riƙo iyakar iyawata, ina jin Turancin na gudu daga bakina. Ta ce to in kawo hotunanmu tare, na yarinta, na salla, na bikinsa. Shekara arba'in da ɗaya, ba mu da hoto ko ɗaya ni da shi, don ranar aurensa ma a ɗakin Inna Dije na ɓuya. Da aka shigar da shi, daga baya na ji, an tambaye shi wa ya raine shi ya ce Inna Dije, an tambaye shi abincin da na fi so ya ce bai sani ba, an tambaye shi yaushe muka yi hira ta ƙarshe ya ce bai tuna ba. Suka ce sun ɗage hukunci sai zama na gaba, bayan kwana goma sha biyu.

Saura kwana goma sha tara bizarmu ta ƙare. Yayanku ya kwashi fasfo ya tafi ofishin da ake ƙara wa baƙi wa'adi, ya wuni a layi, aka ce sai ya kawo wasiƙar asibiti mai ɗauke da ranar aiki. Ya koma asibiti, suka ce ba su sa rana sai kwamiti ya amince. Haka ya yi ta kai-komo kwana uku kamar mai neman akuyar da ta ɓace ranar kasuwa. Ana cikin haka Binta ta bugo ta ce an kafa sanarwar tantance 'yan fansho, kowa sai ya je da ƙafarsa ya dangwala yatsa, ta kai takardun asibitina an ce ba a tantance takarda, mutum ake tantancewa. Fanshon nan kuwa da shi na dogara don maganin da zan sha har ƙarshen raina in an yi dashen. In na ji takun mutum a matakala sai gabana ya faɗi, in ce 'yan sanda ne suka zo kama yaron mutane a kan zargin sayar da ƙoda, a ƙasar da ba mu da kowa.

Mama Kemis ce ta fasa mani ƙwan. Na sauka sayen magani da kaina, ta ga fuskata, ta jawo kujera, na ba ta labari. Ta goge tabaranta, ta dube ni.

"Kada ki ji haushi. Wata biyu ina ganinku, ni ma na ɗauka hayarsa kika yi. Duk benen nan haka suka ɗauka. Ba ki kallonsa, ba ki taɓa shi, ban taɓa jin kin kira shi ba."

Na ce mata al'adarmu ce, kunya ce, kuma kunyar nan ita ce alamar ya fi sauran a wurina. Ta girgiza kai.

"Na yarda da ke. Amma shi ya san haka?"

Da wannan tambayar na hau matakala, ina hutawa a kowane hawa. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce ji mata da shisshigi, mi ta sani game da mu. Kafin in kai hawa na uku na yanke shawara: gida za mu koma. In je in dangwala yatsana, in ci gaba da wankina a Katsina har ranar da Allah ya yi, yaro ya koma wa iyalinsa da ƙodarsa biyu. Ya fi mani sauƙi a kan in tsaya gaban baƙi da na'urar hoto in yi abin da uwata ba ta yi ba, kakata ba ta yi ba. Na tarar da shi yana yanka albasa, don tun tafiyar Binta shi ke girki. Na dubi bango na ce mutum ya je ya nemo mana tikiti, an fasa.

Ya ajiye wuƙar. Bai ce to, Malama ba. Ya zauna a ƙasa nesa da ni kaɗan, ya ce shi ba inda za shi, in biza ta ƙare a zo a kama shi. Sai ya ce akwai abin da bai gaya wa kowa ba game da zaman kwamiti. Matar nan mai tabarau ta tambaye shi ko yana jin ina sonsa.

"Mi ka ce mata?" Wannan ce tambaya ta farko da na taɓa yi mashi kai tsaye.

"Na ce ban sani ba, Malama. Na ce ni dai ina sonki, kuma ba sai kin rama ba."

Bai faɗa da zafi ba, da ma da zafi ya faɗa da ya fi mani. Ya tashi ya koma kan albasarsa. Ni kuwa na shiga ɗaki na zauna bakin gado, na ji tsoron da ya fi na biza da na fansho, har ya fi na mutuwa. Ashe zan iya komawa gida in mutu da mutuncina, a yabe ni a ce Malama ta riƙe kunya har kabari, shi kuma ya ƙare rayuwarsa bai sani ba. Ban sake maganar tikiti ba. Kwanakin da suka rage na yi su ina gwada sunan a bayi, in kunna famfo don kada ya ji, in buɗe baki sai harshe ya ƙi. Sau ɗaya ya fito, na ji kamar na zagi surukina a kabarinsa, na yi ta istigfari.

Ranar zama na biyu saura kwana bakwai a bizarmu. Na shiga na zauna, ban jira tambaya ba. Na ce ba ni da hoto, amma su ba ni minti biyar. Na gaya masu akwai tabon ƙuna a duddugensa na hagu, garwashin ruwan wankan jegona ne ya faɗo mashi yana da kwana ashirin, kuma ni na yi sakaci. Na gaya masu ba ya cin kuɓewa, tun yana yaro in ya zo hutu yakan tura ta gefen kwano, shi ya sa duk hutun da ya yi a gidana miyar kuka ake yi, ku kuna ta ƙorafi ba ku san dalili ba. Tun tafiyar Binta yana dafa mani kuɓewa a ƙasar nan yana ci tare da ni don kada in ji nauyi, ina gani. Na gaya masu shekarar da ya yi ƙyanda a Sabuwa na bar makaranta kwana tara na ce ni ce ba lafiya, na je na zauna a gidan maƙwabtan Inna Dije ina jin kukansa ta katanga, ban shiga ba. Duk dakuwar da ake kai mashi makarantar kwana da sunan Inna Dije, ni na daka ta. Ina magana hawaye na zuba, ni da ban yi kuka a gaban mutane ba ko ranar rasuwar babanku. Wani likita dattijo ya fita da kansa, ya dawo ya ce ya ga tabon.

Matar mai tabarau ta rufe fayil ɗinta. Ta ce yanzu za su gan mu tare, kuma ba za ta aiki masinja ba, in leƙa da kaina in kira shi.

Na tashi na buɗe ƙofa. Yana can ƙarshen baranda a kan benci, yana ɗaura igiyar takalmin da aka sa shi ya cire, ga mutane na wucewa tsakaninmu. Na riƙe ƙofar da hannu biyu.

"Haruna."

Ya ɗago, amma ba wajena ya duba ba. Ya waiga hagu, ya waiga dama, yana neman wanda ya san shi a ƙasar nan. Muryata ya sani, sunansa ya sani, bai taɓa jin su tare ba. Sai da na sake, da ƙarfi wannan karon, har wata nas ta tsaya.

"Haruna, taho, ana kiranmu."

Ya miƙe da takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Ƙato mai shekara arba'in da ɗaya, mai furfura a gemu, ya tsaya yana kallona bakinsa na motsi. Da ƙyar ya ce na'am. Bai ce Malama ba, bai kuma san abin da zai sa a wurin ba, sai ya sake cewa na'am.

Washegari kwamiti ya amince, aka ba mu wasiƙa, aka ƙara mana wa'adi, aka yi aiki bayan mako biyu. Tantancewa ta wuce ni, aka cire sunana, sai da na dawo na yi wata bakwai ina zarya Katsina da takunkumi a baki kafin su yarda ina raye, kuma ku kuka ɗauki nauyin maganina a tsakanin, Allah ya yi maku albarka. Shi kuma daminar shekarar bai iya riƙe garma ba, har yau in ya daɗe a kan babur gefensa na yi mashi ciwo, yana ɓoyewa, ina gani. Labarin kiran sunan ya riga mu isowa gida, ban san ta bakin wa ba, kuma akwai tsofaffin Daudawa da har suka rasu suna cewa Indiya ta cire wa Malama kunya. Inna Dije ce kaɗai da na je Sabuwa yi mata godiya ta kama hannuna ta ce da tuni ya kamata in kira shi.

A gaban mutane na koma yadda nake, kun sani, har gobe na Sabuwa nake cewa, tsufa ya yi mani nisa da sabon hali. Amma duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci yakan bugo waya. Ya yi sallama in amsa, sai ya yi shiru, ba ya ƙara ko kalma. Na san abin da yake jira. Kun sha tambayata dalilin da in wayar Juma'a ta shigo nake tashi in bar ku in shige ɗaki in turo ƙofa, har Auta na tsokanata wai ko na yi saurayi. To abin da nake shiga yi ke nan, kuma ba ya fara gaisuwa sai na faɗa.